Awa Huɗu Zuwa Fas

Wata biyu na yi ina tsara tafiyar da ba ta wuce kwana goma sha ɗaya ba. A lokacin ina aikin jinya a ɗakin maza na asibitin koyarwa, inda ake kwantar da masu jiran tiyata da waɗanda aka riga aka yi wa, kuma shekarar ce ta farko da aka amince mini da hutun sati uku a jere. Sauran shekarun sai dai a yanka mini shi gunduwa-gunduwa, kwana biyar yanzu, sati ɗaya bayan salla, saboda kullum ma'aikata ba sa isa.

Tun ina yarinya Baba yake zancen Fas. Abokansa na zawiyyar unguwarsu a Darmanawa kusan duk sun je ziyara sun dawo, shi kuwa aikin gwamnati ya riƙe shi, da ya yi ritaya kuma hidimar karatunmu da aurarrakinmu ta riƙe shi. Da ya haura saba'in sai ƙannena maza biyu suka ce sun ɗauki nauyin jirgin sama zuwa Maroko, amma babu wanda zai iya barin aikinsa ya raka shi. Inna ta ce ita tun da ta sauke farali ta yi sallama da jirgi. Sai ido ya dawo kaina. Maigidana ya ce in je, shi da yaran za su ji da kansu, ai ba yau suka fara cin taliyarsa ba.

Ba zan ɓoye ba, ni ma ina da nawa burin. Wata abokiyar aikina da ta taɓa zuwa ta ce mini ƙasar jirgin ƙasa ce, daga wannan gari zuwa wancan sai dai ka zauna ka miƙe ƙafa. Ta nuna mini hotunan Tanja da Marakish a wayarta. Na ce a raina tunda dai za a je, bari in haɗa ziyarar Baba da hutuna, mu zaga garuruwa huɗu, ni ma in ga wani wuri da ba asibiti ba.

Shafin intanet ɗin da ake sayen tikitin jirgin ƙasan da Faransanci yake, in ka juya shi kuma ya koma Larabci, ni kuwa Larabcina na Islamiyya ne, bai san tasha da tarago ba. Haka nan na riƙa lalube. In na tashi daga aikin safe da ƙarfe biyu, in dawo gida Gyadi-Gyadi, in ɗora girki, in zauna a kan kujera 'yar tsugunne a kicin da waya a hannu, ina kwafe lokutan tashin jirage a bayan tsofaffin takardun jadawalin aikinmu. Wani lokacin shafin ya tsaya cak, wani lokacin a ɗauke wuta cajin waya ya ƙare, wani lokacin in farga miya ta kama. Bayan la'asar sai in tari adaidaita zuwa Darmanawa in kai wa Baba abin da na tsara.

Takarda ta farko na yi alfahari da ita. Daga Kasabalanka mu hau jirgi mai gudun nan zuwa Tanja, mu kwana biyu, mu gangaro Fas mu yi kwana huɗu har da Juma'a, daga nan mu wuce Marakish, sannan mu dawo inda za mu hau jirgin gida. Na same shi a soro a kan buzunsa. Ya sa tabarau ya bi layukan da yatsa, a hankali, kamar yadda yake duba takardun makarantarmu a da.

“Uwata,” ya ce, da haka yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa gare ni, “wannan na Fas zuwa Marakish ɗin, awa nawa na gani?”

“Kusan bakwai ne, Baba.”

“Azahar da la'asar fa?”

“Ai matafiyi yana haɗawa ya yi kasaru. Kai ka koya mana.”

“Na sani. Amma raina bai kwanta da shi ba.”

Na dawo gida na soke Marakish. Na ji zafin abin, amma na ce ai tafiyarsa ce. Takarda ta biyu kuma ya tsaya a kan canjin jirgi da za mu yi tsakanin Tanja da Fas. Ya ce gwiwarsa ba za ta iya gaggawa daga wannan dandamali zuwa wancan ba, ga kaya. Wannan gaskiya ne, gwiwar tana damunsa, don haka na nemo wani jirgin da za mu jira kusan awa guda kafin na biyun ya zo. Na zaci zai yi ƙorafin jiran, sai na ga wannan ne ma ya yi masa. Abin da bai yi masa ba shi ne tsawon tafiyar bayan an canja. Ya ce ranar Alhamis ce, yana son ya isa Fas da sauran ƙarfinsa saboda zikirin Juma'a. Na matsar da ita Laraba. Ya ce Laraba kuma kwananmu a Tanja ya ragu, ba a yi mini adalci ba.

A haka muka ci sati biyar. Biza ta fito, fasfo ɗinmu suna cikin jakata, ranar tashi tana matsowa, ni kuwa ban sayi tikitin jirgin ƙasa ko ɗaya ba. Masaukai ma ban iya kamawa ba tunda ban san ranar da za mu kwana a kowane gari ba. Na soke Tanja ita ma. Ya rage abu ɗaya mai sauƙi: mu sauka Kasabalanka, mu huta, mu hau jirgi ɗaya miƙaƙƙe zuwa Fas, awa huɗu ko ƙasa da haka kaɗan.

Ya daɗe yana kallon wannan takardar.

“Ba ya tsayawa a hanya?”

“Yana tsayawa a garuruwa, amma minti biyu ne ko uku.”

“Mutum zai iya sauka ya dawo?”

“A'a, Baba, zai tafi ya bar shi.”

Ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa. Sai ya ce ko za a sami motar haya, ta mutum biyu kawai, wadda in an ce wa direba tsaya zai tsaya. Na ce masa ban san kowa a ƙasar ba, ba na jin yarensu, ba zan ɗauki mahaifina in shiga motar baƙo mu yi daji ba alhali ga jirgi. Ya gyaɗa kai. Da wani majinyaci ne ya yi mini waɗannan tambayoyin a ɗakinmu, kafin ya rufe baki na gane inda ya dosa. Amma a soron gidanmu ban ji komai ba sai gardamar tsoho.

Ranar da na yi abin da har yanzu nake jin kunyarsa, mu biyu ne kacal ma'aikatan jinya muka riƙe ɗakin maza tun safe, ga waɗanda aka fito da su daga tiyata har uku. Ban zauna ba, ban karya ba sai wani biskit da na samu a aljihu. Ƙafafuna sun kumbura har takalmin ya bar shaida. Ban ko biya gida ba, na wuce Darmanawa da kayan aiki a ƙarƙashin hijabi, don ranar nake son mu gama magana in sayi tikitin. Baba ya saurare ni har na kai ƙarshe, sannan ya ce ya yi tunani, ko za mu bar tafiyar sai baɗi in Allah ya kai mu.

Na ce, “Baba, takarda ta shida ke nan. Hutun nan da ƙyar na same shi, baɗi ban san ko za a ba ni ba. In ba ka son zuwa ka faɗa mini tun yanzu in huta.”

Ban ɗaga murya ba, amma ban taɓa yi masa magana da wannan sigar ba. Ya ninke takardar gida huɗu ya miƙo mini.

“Kin wahala, Uwata. Allah ya yi miki albarka.”

Ya dafa bango ya miƙe, ya ɗauki butarsa ya shige ciki, duk da magariba da saura.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsinke zogale a faranti. Ta ji komai, soron ba shi da nisa. Na zauna a bakin tabarmarta na cire takalmi, ina jiran faɗa. Ba ta yi ba. Ta ci gaba da abin da take yi, can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Ke da kike aikin asibiti, ɗaga kai ki dubi igiyar can.”

Na duba. Wandunan Baba ne a shanye, guda biyar, farare da ruwan toka.

“Na yau ne kaɗai,” ta ce. “Na daina ba mai wanki, ni nake yi da kaina. Ya fi shekara. Fitsari ne yake matsa masa, in ya taso ba ya jira, wani lokacin kafin ya kai ya ɗiga. Ba ki lura ya bar shan shayin safe ba? A wajen wazifa ma yanzu bakin ƙofa yake zama, shi da yake sahun gaba.”

Kullum na zo sai na sunkuya ta ƙarƙashin igiyar nan kafin in shiga ɗakinta.

Na ce, “To ai jirgin sama ma awanni ne, bai ce komai a kansa ba.”

“Wannan ya san shi, ya san akwai banɗaki. Na ƙasa kuwa wanda ya sani shi ne na zamaninsu, da suke zuwa kudu. Ya ce banɗakin ma mutane ne a ciki da buhunansu. Yana tsoron ya ɓata jikinsa a gabanki, a ƙasar mutane, ga shi wajen ziyara za shi. Kada ki nuna masa na faɗa miki.”

Na tambaye ta me ya hana su gaya mini tun farko, ni da kullum irin waɗannan dattawan nake jinya. Ta ce ai shi ya sa. Ya ce ba zai je asibitin da 'yarsa take ba a kwance masa wando.

A adaidaita a hanyar komawa Gyadi-Gyadi ban yi kuka ba, gajiyar ta fi ƙarfin haka. Na dai zauna da takardar a hannu ina lissafa dattawa nawa na sa wa robar fitsari a watan nan kaɗai, ina ce musu Baba kada ka ji komai, larura ce. Maigidana ya ga fuskata ya tambaya, na ce masa aiki ne. Wannan ba maganar da zan kai wa suruki ba ce.

Washegari na kira ƙanena wanda yake nan Kano, na gaya masa iya abin da ya kamata ya sani. Muka shirya cewa shi zai ce wa Baba kafin doguwar tafiya ana son a duba lafiyar duk wanda ya manyanta, jini da sukari da sauransu. Na roƙi wani likita da muke mutunci da shi ya gan shi a wani ƙaramin asibiti da yake zama da yamma a wajen Babban Giji, nesa da inda nake aiki. Ban je ba. Ƙanena ya ce sun daɗe a ciki su biyu, shi yana waje, Baba ya fito da takardar magani yana cewa likitan yaron kirki ne. Larurar nan ce da take kama maza in shekaru sun ja. Aka ɗora shi a kan ƙwayoyi, aka ce in ya dawo daga tafiya a sake dubawa.

Ni kuma na koma kan waya, amma yanzu ba lokutan tashi nake nema ba. Na yi kwana uku ina bin bidiyon da matafiya suke ɗauka a cikin jiragen ƙasar, yawancinsu surutu ne da hoton abinci, har na samu wani da ya bi tarago tun daga ƙofa yana nuna komai. Na sauke shi a wayata na tafi Darmanawa. Tun ranar nan ban koma ba. Na durƙusa na gaishe da Baba na ce ya yafe mini maganar da na yi. Ya ce bai riƙe ni da komai ba, in tashi.

Na zauna gefensa na ce bari ya ga irin jirgin. Na riƙa yi masa bayani da murya ɗaya, ba tare da na fifita wani abu ba: ga kujerun, ga inda ake ɗora kaya, ga taga, ga banɗaki a ƙarshen kowane tarago da famfo a ciki, ga mai tura keken shayi. Idona yana kan wayar.

“Kowane tarago?” ya ce.

“Kowanne.”

“Mayar da shi baya in ga wajen kayan nan.”

Na mayar. Muka sake kallo tun daga farko har ƙarshe.

Duk da haka ban yarda da awa huɗun a tafiyar farko ba. Na yanka hanyar uku: Kasabalanka zuwa Rabat, wajen awa guda, mu kwana, Rabat zuwa Miknas, awa biyu da wani abu, mu kwana, sannan Miknas zuwa Fas, wadda ba ta kai awa ba. Na ce masa don mu ga garuruwa ne. Ya ce tsarin ya yi. Katin bankina ya ƙi shiga shafin sau uku, sai abokiyar aikin nan tawa ta ce in bari kawai in saya a tasha, haka ita ma ta yi. Na rubuta sunayen garuruwan da lokutan da manyan baƙaƙe a takarda mai kyau, don in miƙa wa mai sayar da tikiti in baki ya gagara. Na sayi ƙaramar jakar hannu na ba Inna, ta zuba wanduna uku da leda da 'yar buta ta roba, ta ba shi a matsayin jakar carbi da littattafansa. Ban taɓa buɗe ta ba har muka dawo.

Abin da ban hango ba shi ne yanka hanya uku yana nufin hawa uku da sauka uku. Akwatuna biyu, ni kaɗai, ga matakala, ga Baba da sandarsa, ga neman masauki a kowane gari da jan kaya a kan duwatsun titi. Rabat ban ga komai a cikinta ba sai tasha da ɗakin da na kwana. A Miknas na bar shi yana hutawa na fita neman abincin da zai iya ci, na ɓata hanya, na yi ta zagaye ina nuna wa mutane katin masaukin. A kowane jirgi nakan duba lambar kujerunmu, in ta taga ce ta faɗo masa sai in ce ina son kallon waje, mu yi musanya ya dawo bakin hanya. In ya miƙe da jakarsa sai in juya fuskata ga taga. Gonakin zaitun na ƙasar nan na kalle su har na gaji.

Mun isa Fas ranar Alhamis da hantsi. Ranar Juma'a bayan la'asar na raka shi har ƙofar zawiyya ta cikin lungunan nan masu ƙunci da ba mota sai jakuna da masu turin kaya. Ya shiga wajen maza, na shiga wajen mata. Na jingina da bango ina jin amon zikirin yana tashi, irin wanda na saba ji daga nesa a unguwarmu, na ce bari in rufe ido kaɗan. Wata tsohuwa ce ta tashe ni ana shirin magariba. Da muka haɗu a waje idanunsa sun yi ja. Ya ce mini ya samu wuri a tsakiya, kuma bai tashi ba har aka shafa fatiha. Na ce alhamdulillahi. Iyakar abin da muka taɓa faɗa ke nan a kan maganar.

Da za mu dawo, shi da kansa ya ce mu hau miƙaƙƙen, kada in sake wahala da kaya. Muka yi awa huɗun a zaune. Ya saya mini shayi a wajen mai keken, shi ma ya sha rabin kofi.

Na dawo Kano da sauran kwana shida a hutuna. Biyu na yi ina wanki da gyaran gidan da na bar wa maza, sauran na yi su a kwance, yara suna shigowa suna tambayar tsaraba. Abokiyar aikina ta tambaye ni Marakish, na ce sai wani jiƙon.

Ƙwayoyin sun riƙe Baba wata biyar, daga nan likita ya ce sai an yi aiki, kuma a asibitinmu ne kaɗai ake da kayan yin sa. Duk wanda aka yi wa irin wannan aikin ɗakinmu ake kawo shi. Da aka sa rana, na je wajen shugabarmu na roƙi a mayar da ni ɗakin mata na sati biyu. Ta ce mutane roƙo suke a bar su kusa da nasu, ni kuma ina neman a raba ni da nawa, ga shi ɗakin mata ya fi namu cika. Na ce na sani. Ta dube ni, ta ja jadawalin ta gyara.

Sati biyun nan na yi su a ɗakin mata, hawa ɗaya tsakaninmu. Ƙanena ne yake kwana da shi. Nakan sauko in na tashi daga aiki, bayan na tabbatar an gama wankin ciwo an ja masa bargo, in sa hijabina a kan kayan aiki, in tsaya daga wajen ƙafafunsa in gaishe shi kamar kowane mai dubiya. Ya tambaye ni yara, in tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi. Sai in ɗauki kwanukan da Inna ta kawo abinci in fita neman adaidaita.